Na'urar da Ba Ta Tilawa

A gidanmu da ke Aboabo, nan Kumasi, akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe da ake ajiyewa a ƙarƙashin gadon Kawu, cike take da takardun Larabci da na ajami. Wasu wasiƙun fatauci ne, wasu waƙoƙin wa'azi ne, wasu kuma lissafin bashin goro ne da aka rubuta a gefen takardar da ba ta da wata alaƙa da goro. Kakanninmu ne suka taho da mafi yawansu daga Salaga, bayan da yaƙin 1892 ya tarwatsa kasuwar garin, jama'a suka bazu zuwa Kete Karachi da Yeji da Kumasi da Akra. Ɗanshin ƙasar Asante ba ya raga wa takarda, haka ma gara da kyankyasai, kuma duk shekarar da aka buɗe adakar sai an tarar gefen wani shafi ya zama gari. Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare, saboda haka bara na ƙudura cewa zan ɗauki hoton kowane shafi, sannan in gwada koya wa kwamfuta ta riƙa gane baƙaƙen da kanta, ko Allah zai sa wata rana jikokinmu su iya neman kalma a cikin waɗannan takardu kamar yadda suke nema a intanet.

Na fara da hannun Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya yi shekaru a gabas yana karatun allo kafin ya dawo ya buɗe makaranta a zauren gidan. Rubutunsa irin na mutanen da ne, na Warshu, da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa. Na roƙe shi ya rubuta mini kowane baƙi sau da yawa, a farkon kalma da tsakiyarta da ƙarshenta. Ya yi ta rubutawa bayan la'asar har makonni uku, yana kiran sunayensu a hankali kamar yadda yake biya wa yara babbaƙu: ba guje, ha kuri, kaf lasan, ɗa mai hannu. Na yanyanka hotunan, na ɗora su a kan wata 'yar manhaja daga cikin irin waɗanda ake kira ragar jijiyoyin kwaikwayo, na bar kwamfutar ta kwana tana aiki. Da gari ya waye na kawo mata shafin da ba ta taɓa gani ba, kuma a cikin kowane baƙi goma sai ta gane kusan tara.

Da yake hannu ɗaya ba zai wadatar ba, sai na nemi wani matashin malamin Islamiyya, maƙwabcinmu, shi ma ya rubuta mini. Shi da biro yake rubutu, kuma salonsa irin na bugaggun littattafan Masar da Saudiyya ne. Duk wanda ya yi karatun allo ya san cewa bambancin salon nan biyu ya wuce na kaurin alƙalami. A hannun Kawu, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. A hannun matashin malamin, fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf kuwa biyu gare ta. Na ci gaba da horar da ragar a kan sabon hannun kaɗai, ta kuwa koye shi cikin dare ɗaya. Amma da na maido mata da shafin Kawu, wanda jiya jiyan nan take karantawa, sai na tarar ta rikice gaba ɗaya. Ba fa da ƙaf kaɗai ta cakuɗa ba, har baƙaƙen da babu saɓani a kansu tsakanin salon biyu ta daina gane su.

Da daddare na same shi a zaure bayan yara sun watse, yana jera allunan a jikin bango. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, na'urar nan da kuka sha wahala a kanta ta mance hannunku ƙarƙaf.” Ya tambaye ni abin da na yi mata, na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “To, da kake yi mata ƙari, kana sa ta tilawar na baya?” Na ce ban sa ta ba. Ya ce, “Ai ko ɗan mutum ka yi wa haka abin da za ka samu ke nan. Mai ƙari ba tilawa, ɗiban ruwa yake yi da kwando.”

Wannan magana ta zauna mini a rai har watanni, domin ta kai ni ga tambayar da masana suka daɗe suna jayayya a kanta, wato wace gudummawa ce nazarin ƙwaƙwalwar ɗan Adam zai iya bai wa ƙirƙirarriyar basira. Idan ana wannan zance, labarin da aka fi bayarwa shi ne na ƙwayoyin jijiya, kuma gaskiya ne daga can aka faro. Likitan nan na Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1906, shi ne ya tabbatar da cewa ƙwaƙwalwa ba dunƙule ɗaya ba ce, tarin ƙwayoyi ne daban daban da ke aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan mahaɗai. Yau an ƙiyasta yawansu a kan mutum ɗaya ya kai kimanin biliyan 86, kowace tana haɗe da dubban 'yan'uwanta. A 1943 Warren McCulloch da Walter Pitts suka mayar da ƙwayar jijiya lissafi: tana tattara saƙonnin da suka shigo mata, idan jimillarsu ta kai wani miƙidari sai ita ma ta aika nata. A 1949 Donald Hebb na Kanada ya kawo ra'ayin cewa koyo ba komai ba ne illa ƙarfafuwar mahaɗa tsakanin ƙwayoyin da suka saba yin aiki tare, a 1958 kuma Frank Rosenblatt ya fito da tsarin na'urar da ke gyara ƙarfin mahaɗanta da kanta idan ta yi kuskure.

Ita ma ragar da na yi aiki da ita asalinta daga idon kyanwa ne. A 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka gano cewa a sashen gani na ƙwaƙwalwar kyanwa akwai ƙwayoyin da ba sa motsawa sai an nuna wa dabbar layi a wani karkace na musamman, wata sai tsayayyen layi, wata sai kwantacce. Daga nan aka fahimci cewa gani hawa hawa ne, daga ɗan layi zuwa lanƙwasa zuwa cikakkiyar sura. Kunihiko Fukushima na Japan ya kwaikwayi wannan tsari a kwamfuta a 1980, Yann LeCun kuma ya inganta shi a 1989 har ya iya karanta lambobin da mutane suka rubuta da hannu a bayan ambulan a gidan waya na Amurka. Duk wayar da ke gane fuskar mai ita a yau jikanyar wannan aiki ce. Wannan bashi ne da injiniyoyi suka ci daga masana ƙwaƙwalwa, kuma babu mai musun sa.

Sai dai ni a ganina, darasin da ya fi wannan girma, kuma wanda har yau ba a gama ɗaukarsa ba, shi ne na yadda ƙwaƙwalwa take riƙe abin da ta koya alhali tana ci gaba da koyon wani. Dalilin mantuwar ragata a bayyane yake ga wanda ya san yadda aka gina ta. Duk abin da ta sani yana cikin lambobin da ke nuna ƙarfin mahaɗanta, kuma mahaɗan nan na tarayya ne, babu wani ɓangare da aka keɓe wa hannun Kawu shi kaɗai. Da na kawo mata sabon hannu, sai ta yi ta jujjuya lambobin don su dace da abin da ke gabanta, ba tare da wani abu ya tsaya ya kare na jiya ba. Kamar almajiri ne mai allo ɗaya tak wanda babu abin da ke shiga ƙirjinsa: kafin ya rubuta ƙarin yau dole ya wanke na jiya, kuma da zarar ya wanke, shi ke nan. Michael McCloskey da Neal Cohen sun bayyana wannan cuta tun 1989, lokacin da suka koya wa wata raga lissafin ƙara ɗaya a kan lambobi, ta iya, suka koya mata ƙara biyu, sai na farkon ya rushe nan take.

A nan ne na ga cewa maganar Kawu tana buƙatar ɗan ƙari. Ɗan mutum yana mantuwa idan bai yi tilawa ba, amma a hankali yake yi, cikin makonni da watanni, kuma abin da ya zauna sosai ba ya gushewa don an koyi sabo. Yaron Zango yana Hausa a gida, yana Asantanci a kasuwar Kejetiya, yana Turanci a makarantar boko, yana Larabci a gaban malam, kuma ba mu taɓa jin wanda ya wayi gari ya mance Hausa saboda ya koyi Turanci ba. To me ƙwaƙwalwarsa take yi wanda ragar ba ta yi?

Farkon amsar ya fito ne daga wata musiba da ta afka wa wani bawan Allah a Amurka. A 1953 aka yi wa Henry Molaison tiyata yana ɗan shekara 27, saboda farfaɗiyar da ta hana shi sakat. Likitan ya cire masa wani sashe daga kowane gefe na ƙwaƙwalwa, har da mafi yawan wata 'yar gaɓa mai lanƙwasa da ake kira hifokamfas. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai ƙara iya ajiye sabon abu ba. Yana tuna ƙuruciyarsa, yana magana daidai, hankalinsa lafiya lau, amma idan baƙo ya gaisa da shi ya fita, ya dawo bayan 'yan mintoci, sai su sake gaisawa kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Brenda Milner, wadda ta yi shekaru tana nazarinsa, ta sa shi ya riƙa bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kaɗai. Kullum hannunsa yana ƙara gwanancewa, shi kuwa kullum cewa yake bai taɓa yin wannan aiki ba. Ya rayu a haka har ya rasu a 2008. Abin da aka koya daga halinsa shi ne, wurin da sabon abu ke fara sauka daban ne da wurin da tsohon abu ke zaune.

Sauran amsar daga ɓeraye ta zo. John O'Keefe ya gano a Landan a 1971 cewa a hifokamfas ɗin ɓera akwai ƙwayoyin da kowace ke motsawa idan dabbar ta isa wani wuri na musamman, har mai kallon na'ura zai iya faɗin inda ɓeran yake ba tare da ya dube shi ba. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka bar siraran wayoyin awo a kan ɓerayen har bayan sun yi barci, sai suka ga ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin da ɓeran ke yawon neman abinci sun sake motsawa tare yana cikin barci. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a jere suke motsawa, kamar ɓeran yana sake bin hanyar, sai dai cikin sauri ninkin ba ninkin. Ranar da na fara karanta wannan, abin da ya faɗo mini shi ne muryar gardi da tsakar dare, yana zuba karatu cikin sauri ba tare da ya dubi takarda ba.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1995, James McClelland da McNaughton da Randall O'Reilly suka haɗa waɗannan guntaye suka fitar da ra'ayin da nake ganin ya fi kowanne amfani ga masu gina na'ura. Suka ce ƙwaƙwalwa tana da ma'aji biyu masu taimakon juna. Hifokamfas mai saurin kamawa ce, gani ɗaya ya ishe ta, kuma tana ajiye kowane abu a ware don kada ya cakuɗe da makamancinsa. Ɓawon ƙwaƙwalwa kuwa, wato babban sashen da ya lulluɓe ta, a hankali yake koyo, ɗan gyara kaɗan a kowane karo, domin aikinsa shi ne fitar da ƙa'idar da ta haɗa abubuwa da yawa. Idan aka huta ko aka yi barci, sai hifokamfas ta riƙa maimaita wa ɓawon sabon abin, a cakuɗe da tsofaffi, har ya sami gurbi ba tare da ya ture kowa ba. Sun gwada haka a kwamfuta da misalin wani tsuntsun ƙasashen ƙanƙara da ke iyo amma ba ya tashi, wanda da a nan ne da jimina za su yi misali. Da aka cusa wa ragar labarinsa shi kaɗai, sai saninta game da sauran tsuntsaye ya lalace, amma da aka gauraya shi da labarin sauran halittu, sai ta karɓe shi lafiya.

Duk wanda ya tashi a zauren makaranta zai ga kamannin da kansa. Allo shi ne ma'aji mai sauri, wanda ake rubutawa yau a wanke gobe. Ƙirji shi ne ma'aji mai jinkiri. Tilawa kuma ita ce gadar da ke tsakaninsu. Na zauna na tambayi Kawu tsarin da aka bi da su a gabas, ya ce ƙarin ranar ana karanta shi har ya yi laushi a baki, a sake bin sa kafin a kwanta, sannan a tashi da shi da asuba kafin a kai wa malam, kuma sau da yawa abin da ya ƙi zama da dare sai a wayi gari ya zauna. Na kwanakin baya kusa ana bin sa kullum, na nesa kuma ana zagayo masa bi da bi. Shi kansa har yau izu shida yake yi a kowace rana, ya sauke duk kwana goma. Masana halayyar ɗan Adam sun zo sun auna waɗannan abubuwa daga baya. Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna a 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. A 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach suka nuna cewa wanda ya haddace abu ya kwanta ya fi riƙe shi a kan wanda ya yi sa'o'in nan a farke. Malamanmu ba su san sunan hifokamfas ba, amma sun tsara yininsu da darensu daidai da aikinta, kuma suna da hujjarsu tun daga hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya yi umarni da a riƙa bibiyar Alƙur'ani domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa.

Ya kamata in tsaya a nan in faɗi wani abu a fili, domin na san akwai wanda zuciyarsa ba za ta kwanta da wannan kwatanci ba. Ba ina daidaita mahaddaci da na'ura ba ne, balle in daidaita Littafin Allah da hotunan baƙaƙe. Mahaddaci yana ibada, yana da niyya da tsoron Allah da fahimta, ragar kuwa lambobi take jujjuyawa, ba ta san fa daga ƙaf ba sai ta fuskar sura. Abin da nake magana a kai shi ne dabarar riƙo, wadda al'ummarmu ta yi ƙarnoni tana gogewa a kanta fiye da yawancin al'ummomin duniya, kuma ina ganin asara ce yaranmu su je jami'a su karanta ta da Turanci ba tare da sun gane cewa a zauren gidansu suka fara ganinta ba.

Injiniyoyi sun ɗauki wani abu daga wannan ra'ayi. A 2015 kamfanin DeepMind na Landan ya wallafa aikin wata irin raga da aka horar daban daban a kan wasannin bidiyo 49 na Atari, ta koye su daga kallon allon wasan da makinsa kaɗai. Wani ginshiƙin nasarar shi ne rumbun da aka yi mata, inda take ajiye matakai miliyan ɗaya na baya bayan nan, tana ɗebo su a cakuɗe tana sake koyo daga gare su, kuma marubutan da kansu sun ambaci hifokamfas. Ba abin mamaki ba ne, tunda shugaban kamfanin, Demis Hassabis, digirinsa na uku a kan ƙwaƙwalwa da tunawa ya yi shi. Amma adalci ya sa a faɗi cewa wani mai bincike, Long-Ji Lin, ya riga ya kawo dabarar maimaita abin da ya wuce tun 1992, kafin aikin Wilson da McNaughton a kan ɓeraye masu barci. A 2017 kuma masu binciken DeepMind suka fito da wata hanyar, inda ake gano mahaɗan da tsohon aiki ya fi dogara da su a taurara su don kada sabon koyo ya juya su da sauƙi, suna masu koyi da abin da aka gani a ƙwaƙwalwar ɓeraye, cewa wasu sababbin mahaɗai kan kafu su daɗe bayan an koyi wani aiki.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce hanya ta uku. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun da take ajiye hoton duk abin da ido ya gani, saboda haka abin da take maimaitawa da dare sake gina shi take yi daga ciki. A 2020 Gido van de Ven da abokan aikinsa suka nuna cewa raga ma za ta iya ƙirƙiro kwatankwacin tsohon darasinta da kanta ta yi tilawarsa, ba sai an ajiye mata ainihin hotunan ba. Wannan shi ne satu, inda gardi ke rubuta allonsa da ka ba tare da ya buɗe takarda ba. To amma a tsangaya ba a barin satu haka nan, sai an kai wa alaramma ya duba, domin idan kuskuren wasali ɗaya ya shiga aka yi ta tilawarsa, zai zauna daram kamar daidai. Ragar da ke tilawar abin da ta ƙirƙiro tana da irin wannan haɗari, ƙaramin karkace yana iya taruwa daga zagaye zuwa zagaye. Ina ganin duk mai wannan aiki ya kamata ya tambayi kansa wane ne alaramman na'urarsa.

Ba na so in wuce gona da iri wajen kamanta su. Hanyar da kusan dukkan ragogin yau ke gyara mahaɗansu, wadda David Rumelhart da Geoffrey Hinton da Ronald Williams suka yaɗa a 1986, tana tura lissafin kuskure ne daga ƙarshen ragar zuwa farkonta, kuma tun 1989 Francis Crick ya yi ƙorafin cewa da wuya jijiyoyin gaske su yi aiki haka. Tsarin da aka gina manyan manhajojin hira a kansa, wanda ma'aikatan Google suka fitar a 2017, daga gwaji da lissafi ya fito fiye da daga ɗakin tiyata. Saboda haka ni ban ɗauki ƙwaƙwalwa a matsayin taswirar da za a kwafa layi bayan layi ba. Amfaninta shi ne tana tabbatar da cewa matsalar tana da magani, tunda ga halitta nan tana yawo da maganin a kanta, sannan tana nuna wajen da ya kamata a haƙa. Kuma manhajojin hirar nan, duk da fasahar bakinsu, halinsu ya yi kama da na Henry Molaison. Saninsu ya tsaya a ranar da aka gama horar da su, suna riƙe zancen da ake yi muddin ana cikinsa, wasu ma an ba su wurin rubuta 'yan bayanai kamar mai ajiye takarda a aljihu, amma abin da ka koya musu yau ba ya shiga mahaɗansu da dare.

Wannan gibi ya fi shafar mu fiye da masu kuɗi. Babban kamfani idan yana so manhajarsa ta san sabon abu, yana iya tattara tsoho da sabo ya sake horar da ita, ya biya kuɗin wutar. Yanzu ana maganar gina cibiyoyin kwamfuta da ɗaya za ta sha megawat dubu, kusan duk abin da madatsar Akosombo ke iya bayarwa, madatsar da tun 1965 ƙasar nan ke jingine da ita. Mu da muka ga dumso na 2015, wato lokacin yawan ɗauke wuta, muka ga masu walda da masu sayar da ruwan sanyi a Asawase suna zaune hannu rabbana, mun san darajar kowane wat. Ƙwaƙwalwar mutum kuwa da kimanin wat 20 take aiki, sulusin abin da tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 ke sha, kuma kofin koko da ƙosai ya ishe ta ta kai azahar tana koyo. Ga kuma batun harshe. Hausar da manhajojin nan suka ɗan sani mafi yawanta ta jaridu da gidajen rediyo ce, ba Hausarmu ta Zango ba mai aron kalmomin Asantanci da Turanci, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ƙara wa irin wannan manhaja sabon harshe da 'yan rubuce-rubuce kaɗan ya san fargabar kada ta kama sabon ta saki tsohon. Google ya buɗe cibiyar bincikensa ta ƙirƙirarriyar basira ta farko a Afirka a Akra a 2019, a 2023 kuma aka yi babban taron masu wannan fanni na nahiyar, Deep Learning Indaba, a Jami'ar Gana da ke Legon. Fatana shi ne matasanmu da ke shiga wannan fage su rungumi matsalar koyo ba tare da mantuwa ba su mai da ita tasu, domin mai ƙarancin wuta da ƙarancin bayanai shi ya fi kowa buƙatar na'urar da za a yi wa ƙari kaɗan kaɗan.

Na koma kan kwamfutata na yi abin da Kawu ya ce. Na ware wani kaso na hotunan hannunsa, duk lokacin da zan ba ragar baƙaƙen matashin malamin sai in gauraya mata da su. Ta ɗauki lokaci fiye da na farko, amma ta riƙe hannu biyun, har ta koyi la'akari da kaurin alƙalami kafin ta yanke hukunci a kan ɗigo ɗaya da ke sama, ko na ƙaf ne ko na fa. A nan ɗin dai ta fi yin tuntuɓe. Da na kai masa rahoto, sai ya ce, “Ɗana, ai ba a raba tilawa daidai wa daida. Inda ka san kana faɗuwa, da inda aya ta yi kama da aya, nan ake daɗewa.” Na duba na tarar masu binciken DeepMind sun gwada makamancin haka tun 2015, inda ragar ke yawaita ɗebo matakan da ta fi yin kuskure a kansu, kuma an ga ɓeraye ma sun fi maimaita hanyar da ta kai su ga abinci. Na ƙara yawan fa da ƙaf a cikin kason tilawar, kuskuren ya ragu.

Yanzu mun shiga hannu na uku, wanda shi ne mai wuyar, wato na takardun adakar kansu, waɗanda marubutansu suka daɗe da komawa ga Allah kuma kowane da irin jan alƙalaminsa. Duk ranar Alhamis, da yake babu karatu, Kawu yakan shimfiɗa buzunsa a bakin zaure inda haske ya fi yawa, ya ɗauko shafi ɗaya da hannu biyu, ya karanta da ƙarfi, ni kuma ina gefe ina sa wa kowane baƙi sunansa a kwamfuta. Mun gama shafi 41. Makon jiya muka tsaya a kan wata wasiƙa da gara ta cinye rabin layinta na ƙarshe, inda marubucin ke sanar da ɗan'uwansa cewa ayarin goro ya tashi, kuma Kawu ya ce in ajiye masa ita a sama, zai sake dubawa da safe.